Rayuwata a wasan tanis, daga tsintar ƙwallo zuwa ajiye raket

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son in rubuta wannan labari, musamman saboda iyayen da ke kawo mini 'ya'yansu mata suna cewa in mayar musu da su Serena Williams, shahararriyar 'yar wasan tanis ta Amurka. Na buga tanis a matsayin sana'a tun ina budurwa har zuwa 2014. Na wakilci jihata, na fita ƙasar waje, sunana ya taɓa shiga jerin 'yan wasa mata na duniya. Amma rayuwar da na yi ba ita ce ake nunawa a talabijin ba, kuma akasarin matan da suka riƙi raket don neman abinci irin tawa suka yi. Ba zan ambaci sunan kowa ba cikin waɗanda na yi hulɗa da su.

A Kaduna aka haife ni. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, shi ke kula da fili a wani kulob na manyan ma'aikata. Filin jar ƙasa ne, irin wanda ba ya zama lafiya sai da hidima kullum. Da asuba Baba zai yayyafa masa ruwa, ya ja wata tsohuwar darduma a kai don ƙasar ta baje, ya bi da rola ya danne, sannan ya share layuka da tsintsiya har farinsu ya fito. Da hunturu kuwa, kafin azahar ƙasar ta bushe ta fara tashi, sai ya sake ba ta ruwa. Ni ke kai masa abincin rana idan na taso daga makaranta, in zauna a gindin dalbejiya har a fara wasan yamma.

Yaran da ke tsintar ƙwallo duk maza ne. Na fara shiga cikinsu ne idan wani bai zo ba, ana ba ni 'yan sulalla. Rakitina ta farko katako ne da yayana ya fafe mini, ƙwallon kuma waɗanda gashinsu ya ƙare aka yar. Akwai wani bango a bayan ɗakin ajiya, a nan na koyi dukan ƙwallo, ni kaɗai, har a kira magariba. Wani koci da ke horar da 'ya'yan membobi ya tsaya wata rana ya kalle ni, bai ce komai ba, washegari ya kawo mini tsohuwar raket mai yanke a gefe. Ya gyara mini riƙo, ya ce in riƙa zuwa da sassafe kafin masu kuɗi su zo.

Sunayen da muke ji a lokacin duk na maza ne: Nduka Odizor da ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon, babbar gasar tanis ta Ingila, a 1983, da Sadiq Abdullahi da ya buga wa Najeriya a gasar Olympics ta Seoul a 1988. Sai a shekarar 2000, ina tsaye a bakin ƙofar falon kulob, domin yaran fili ba sa shiga ciki, na ga Venus Williams ta doke Lindsay Davenport ta ɗauki kofin Wimbledon. Baƙar mace, doguwa, tana ɗaga farantin da ake ba zakara a gaban Turawa. A daren ban yi barci da wuri ba.

A gida ne aka sha fama. Inna ba ta hana ni ba, amma kullum gabanta na faɗuwa. Gwaggona, yayar Baba, ita ta zo har gida ta ce masa: "Kai yanzu 'yarka ta fara zama mace, ka bar ta tana tsalle-tsalle a gaban maza? Wa zai aure ta?" Baba bai mayar mata da magana ba, don ta girme shi. Bayan ta tafi ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya kiran sunana. Ya ce: "Uwata, abu biyu nake so. Ki rufe jikinki, kuma ki kawo mini takardar gama sakandare. In kika riƙe waɗannan, bakin mutane ki bar ni da shi." Tun daga ranar nake bugawa da dogon wando a ƙarƙashin siket, da riga mai hannu, da ɗankwali a ƙarƙashin hula. A zafin watan Afrilu kayan nan suna jiƙewa sharkaf su yi nauyi, amma da su na yi dukkan shekaruna. Lokacin da aka yi ta ce-ce-ku-ce a 2005 kan suturar Sania Mirza, 'yar Indiya Musulma, na fahimci abin da take ji fiye da yadda masu surutun suke zato. Ita ta kai matsayi na ɗaya a duniya a wasan bibbiyu a 2015, ni kuwa ko kusa ban je ba, amma tambayar da ake yi mana a gida iri ɗaya ce.

Na gama sakandare kamar yadda na yi alkawari, na shiga gasannin cikin gida gadan-gadan: gasar jar ƙasa ta Kaduna, gasar Dala a Kano, gasar Babban Bankin Najeriya, da bikin wasanni na ƙasa, wanda Kaduna ta karɓi baƙuncinsa a 2009, iyayena suka zauna a cikin 'yan kallo. Shekarun nan su ne mafi daɗi. Muna shiga motar dare zuwa Legas mu huɗu ko biyar, jakar raket a kan cinya, mu kama ɗaki ɗaya, mu raba kuɗin abinci. Da safe kuma a fitar da jadawali ka ga wadda kuka kwana katifa ɗaya da ita ce abokiyar karawarka. Da azumi ina yin atisaye bayan asuba, in koma bayan sallar isha'i idan akwai wuta a fili.

A nan na fara gane bambancin filaye a jikina. Ni 'yar jar ƙasa ce. A jar ƙasa ƙwallo tana rage gudu ta yi sama, kuma idan ka bi ta da gudu kana iya sulalewa da ƙafa ka tsaya a hankali. A filin siminti babu sulalewa. Takalmi yana kama ƙasa nan take, duk nauyin tsayawar sai ya hau gwiwa da idon sawu. Yawancin gasannin da ake samun kuɗi ko maki a cikinsu kuwa a siminti ake yi.

Yanzu bari in yi bayanin abin da iyaye ba su sani ba, don shi ne asalin dalilin wannan rubutu. Gasannin da ake gani a talabijin, irin su Wimbledon da na Faransa da Amurka da Ostireliya, mata 128 ne ke shiga kowacce a wasan ɗaiɗai, kuma sai kana cikin ɗari da 'yan kai na farko a duniya kake shiga kai tsaye. A ƙasan su akwai gasannin WTA, wato ƙungiyar da ke kula da wasan tanis na ƙwararrun mata. A can ƙasa kuma akwai ƙananan gasannin hukumar tanis ta duniya, ITF, inda dubban mata ke fafutuka. A zamanina mafi ƙanƙanta ita ce ta dala 10,000, daga baya a 2017 aka ɗaga ta zuwa 15,000. Mutum ya ji dala 10,000 sai ya zaci ta wadda ta ci kofi ce. Ita ce kuɗin gasar gaba ɗaya, da za a raba wa kowa da kowa. A lokacin, wadda ta ɗauki kofi ba ta samun dala 2,000, wadda aka fitar a zagayen farko kuwa kusan dala 100 take tashi da shi, kafin a cire haraji. Wadda ta faɗi a wasan neman gurbi hannu rabbana take komawa. Tikitin jirgi, biza, masauki, abinci, takalmi, ɗaurin tsirkiyar raket, duk daga aljihunka. Babu albashi, babu kulob da ya saye ka kamar a ƙwallon ƙafa. Hukumar ITF da kanta ta yi bincike kan alƙaluman 2013, ta gano cewa mace sai ta kai wajen matsayi na 253 a duniya kafin abin da take samu ya biya abin da take kashewa, kuma ba a ma sa kuɗin koci a lissafin ba. Kusan rabin masu buga waɗannan gasanni ba su samu ko kwabo ba a shekarar.

Sannan ga maganar maki. Kafin sunanka ya hau jerin WTA, galibi sai ka samu maki a gasa uku, kuma makin da ka ci yau, bayan mako 52 ya goge. Mu a Najeriya babbar damarmu a wancan lokaci ita ce Gasar Kofin Gwamna ta Legas, da ake yi a Onikan wajen watan Oktoba, mako biyu a jere, ta dala 25,000. 'Yan wasa suna zuwa daga Turai da Indiya da Afirka ta Kudu, mu 'yan gida a ba wasunmu gurbin alfarma. Na tuna karon farko da na tsaya gaban wata 'yar gabashin Turai. Ba ƙarfi ta fi ni ba. Abin da ta fi ni shi ne ta saba: ita kusan kowane mako tana buga wasa irin wannan, ni kuwa sau ɗaya a shekara nake ganin ƙwallo mai wannan gudun. Kafin idona ya saba, an cinye ni zubin farko. Bayan wasa na ga ta miƙa raket huɗu a ɗaure mata sabuwar tsirkiya. Ni biyu gare ni, kuma ba na sake tsirkiya sai ta tsinke.

Makonnin Legas gasa biyu ce. A shekarar da babu wata a gida, ta ukun sai ka fita ka nemo ta. Nan ne rayuwar ta koma yawon ofisoshi da takarda a hannu. Na zauna a bencin jira na wani ofishi har masu shara suka san ni. An yi mini alkawura da baki mai daɗi, wasu an cika rabi, wasu shiru. Akwai kuma waɗanda taimakonsu yana da sharaɗin da 'yar mutunci ba za ta karɓa ba. Wannan magana ba a cika faɗinta ba, amma duk macen da ta yi wasa a wannan mataki ta san ta. Na bar kuɗi a kan tebur na fita, na yi kuka a cikin motar haya, kuma har yau ban yi da-na-sanin fitar ba.

A ƙarshen 2012 Venus da Serena suka zo Legas, suka buga wasan nuni a filin da muke bugawa. Ina cikin taron. Ganinsu ido da ido ya sake hura mini wutar da ta fara mutuwa. Na sayar da sarƙar da Inna ta ba ni, yayana ya ƙara mini daga kuɗin shagonsa, wani dattijo ɗan kulob ya biya tikiti don Allah, na tafi Sharm el-Sheikh a Masar. Can ake yin ƙananan gasanni mako bayan mako a harabar otal ɗaya, don haka da tikiti guda kana iya buga gasa da yawa. Wuri ne na masu yawon shaƙatawa, Turawa suna kwance a bakin ruwa, mu kuma muna wanke kayan wasa a bahon banɗaki muna shanyawa a kan kujera, muna ɓoye burodi da dafaffen ƙwai daga karin kumallo don su zama abincin rana. Na haɗa ɗaki da wata 'yar wata ƙasa da ba ma jin yaren juna sosai. Idan zan yi salla takan kashe waƙarta ba tare da na roƙa ba. A can na ci wasannin da suka sa sunana ya hau jerin duniya, can ƙasa, bayan mata ɗari tara. Na je shagon intanet na sa aka buga mini shafin a takarda, na kawo wa Baba. Bai iya karatun boko ba, na ɗora yatsansa a kan layin. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba.

A 2014 na koma. A tsakiyar wani wasa aka jefa mini gajeriyar ƙwallo kusa da raga, na taho da gudu, na dasa ƙafar dama zan juya. Takalmin ya kama siminti, jikina ya juya, gwiwar ba ta bi ba. Na ji ƙara a cikin ƙafata, ɗas, kamar tsinkewar igiyar guga. Ban ji zafi nan take ba, abin da na ji shi ne ƙafar ba tawa ba ce. Abokiyar karawata ce ta tsallako raga ta fara riƙe ni. Kafin dare gwiwar ta kumbura ta cika wando. Hoton da aka ɗauka ya nuna jijiyar da ke riƙe gwiwa ta ciki ta tsinke, wadda ba ta haɗewa da kanta. Likita ya ce sai tiyata, a ɗebo jijiya daga wani wuri a jikina a dasa, sannan gashi da motsa jiki na kusan wata tara ko fiye kafin a yi maganar komawa fili.

Ba ni da inshora. Na dawo gida da sanda. Kuɗin tiyatar ya fi duk abin da na tara a rayuwata ta wasa, kuma wayoyin da na buga ba a ɗauka ba. Waɗanda suka tsaya mini su ne 'yan uwana 'yan wasa mata, waɗanda su ma ba su da shi. Suka yi karo-karo, wata ta aiko da kuɗin da ta ci a gasa gaba ɗaya. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Da wannan, da filin da Baba ya gada a ƙauye ya sayar ba tare da ya gaya mini ba, aka yi aikin bayan dogon jinkiri. Amma jinkirin ya riga ya yi ɓarna. Na yi watanni ina takawa a kan gwiwar da ba ta da mariƙi, guringuntsin ciki ya lalace.

Manyan 'yan wasa idan za su yi ritaya ana shirya musu biki. Serena ta yi ban kwana a gasar Amurka a 2022, filin ya cika maƙil, bayan kofunan manyan gasanni 23. Ashleigh Barty ta ajiye raket a shekarar tana da shekara 25, tana ta ɗaya a duniya, da zaɓin kanta. Irinmu babu wanda ke sanar da ritayarmu. Ranar Litinin ake sabunta jerin duniya. Kowace Litinin ina kwance da ƙafa a kan matashi, in buɗe waya in ga sunana ya ƙara gangarawa, don makin bara suna gogewa ɗaya bayan ɗaya. Wata Litinin a 2015 na rubuta sunana, bai fito ba. Na sake rubutawa a hankali, harafi bayan harafi. Babu. Haka sana'ata ta ƙare, ina ɗaki ni kaɗai, Inna tana tsakar gida tana tankaɗe.

Abin da ya biyo baya ya fi tiyatar wuya. Tun ina ƙarama kowace safiya na san abin da zan tashi in yi. Yanzu gari ya waye babu inda ake jirana. Sa'o'ina duk sun yi aure da 'ya'ya, wasu sun gama jami'a suna aiki. Ni ina dab da shekara talatin, da takardar sakandare, da gwiwa mai ciwo, da bashin alheri a wuyana. Na daina fita. Na tura jakar raket ƙarƙashin gado. Idan aka sa tanis a talabijin sai in tashi. Abinci ya daina yi mini daɗi, barci ya ƙaurace mini, kuma abin da ya fi cin raina shi ne filin da Baba ya sayar. Masu zuwa dubiya wasu da addu'a suke zuwa, wasu da "ai dama mun faɗa". Gwaggona, Allah ya saka mata, ba ta faɗi haka ba ko sau ɗaya. Ita ce ma ke zuwa tana gasa mini ƙafa da ruwan zafi.

Wata likita da ke duba gwiwata ce ta lura. Ta rufe fayil ta ce: "'Yar uwa, ƙafar tana warkewa, ke ce ba kya warkewa." Ta haɗa ni da masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Da farko na ƙi, ina ganin abin kunya ne, kuma ina ganin kamar rashin tawakkali ne. Ta ce mini wanda ya yarda a yi wa gwiwarsa magani ba shi da hujjar hana zuciyarsa. Na je. Na sha magani na wani lokaci, na yi magana da yawa, na riƙe addu'a. Ina faɗin wannan a fili ne don na san akwai tsofaffin 'yan wasa, maza da mata, da ke zaune a ɗaki cikin wannan hali suna cewa gajiya ce.

Baba ya tsufa a lokacin, bayansa ba ya barinsa jan rola. Wata asuba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce: "Uwata, zo ki riƙe mini tiyo." Ya san abin da yake yi. Na bi shi ina ɗingishi, na ba fili ruwa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancina, na tsaya ina hawaye shi kuma ya yi kamar bai gani ba. Na ci gaba da raka shi. Yaran tsintar ƙwallo suka fara zuwa suna tambayata yadda ake riƙe raket. Da na tayar da maganar filin da ya sayar, sai ya ce: "Ƙasa ce, Uwata. Ke kuma ƙafa ce." Bai sake yarda mun yi zancen ba har Allah ya karɓi abinsa.

Na yi kwas na horar da 'yan wasa, na shiga karatun ilimin motsa jiki na ƙarshen mako a wata kwalejin ilimi, ina zama aji ɗaya da yaran da na girme su da shekara goma. Na yi aure, da mutumin da ya san tarihina tun kafin ya zo gaisuwa, Allah ya ba mu haihuwa. Yanzu ina koyarwa a wata makaranta, da yamma kuma ina horar da yara. Hanyar koyarwa ta canza ƙwarai. Ƙanana suna farawa da jar ƙwallo mai laushi a ƙaramin fili, su koma mai ruwan lemo, sannan koriya, kafin su kai ga ta manya. Lokacin da Ons Jabeur 'yar Tunisiya ta kai wasan ƙarshe a Wimbledon a 2022, ta sake kaiwa a 2023, na tara 'yan matan a falona muka kalla. Ba ta ɗauki kofin ba duka biyun, amma sun ga Musulma 'yar Afirka a wurin, kuma a zaune suka kalla, a cikin ɗaki.

Gwiwar tana nan. Da sanyi tana tashe ni da dare, sujada mai tsawo sai da dabara, wani lokaci a kan kujera nake salla.

Akwai wata yarinya a cikin ɗalibaina da hannunta ya fi nawa lokacin da nake kamarta. Kwanan baya mahaifinta ya zo ya ce yana so ya cire ta daga makaranta ta fuskanci wasa kawai. Na ce: "Alhaji, zauna mu yi lissafi." Na ɗauko takarda na rubuta masa kuɗin tafiya ɗaya zuwa Masar, da abin da ake samu idan an faɗi a zagayen farko, da yawan tafiye-tafiyen da ake bukata a shekara, da kuɗin tiyatar gwiwa. Sannan na nuna masa wata hanyar da ni ban san da ita ba sai da lokacinta ya wuce mini: jami'o'in Amurka suna ɗaukar 'yan tanis su biya musu karatu, ta nan Odizor ya bi a Jami'ar Houston, amma sai da sakamakon jarrabawa mai kyau, kuma wanda ya ja lokaci yana buga gasa bayan gama sakandare ƙa'idojinsu suna rage masa dama. Ya daɗe yana kallon takardar, ya ce zai yi shawara da mahaifiyarta. Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce za ta ci gaba da makaranta. Mun tsara mata atisaye da asuba da kuma bayan la'asar, gasa kuma sai lokacin hutu, kuma na sa sharaɗin cewa duk inda za ta je wasa, ni ko mahaifiyarta ɗaya za ta raka ta.